Wanda Aka Binne da Sunan Jumare

Litinin, 4 ga Satumba, 2023

An tsamo gawa a kogin Gashua, kwana uku bayan an ga kwalekwalen Jumare masunci a kife. Ruwa ya ɓata fuskar. Da rigarsa mai ruwan toka 'yan'uwa suka gane shi. Ni na faɗa a labaran ƙarfe bakwai: Jumare ya rasu, ya bar mata da 'ya'ya huɗu. Oga ya yaba rahoton.

Laraba, 6 ga Satumba

Mun je gaisuwa da Munzali mai ɗaukar hotonmu. Matar, Meram, ta shiga takaba. Ba ta yi kuka ba, hannuna kawai ta riƙe ta daɗe ba ta saki ba. Har yanzu ina jin sanyin tafinta.

Laraba, 4 ga Oktoba

Jiya mun ɗauko rahoton tsadar kifi a kasuwar Nguru. Yau muna tace hoton sai na ga wani a bayan dillalin da nake hira da shi, ɗauke da kwalin banda. Ya waigo sau ɗaya. Na sa Munzali ya maimaita wurin sau shida, na ɗora hoton Jumare da iyalinsa suka ba mu a gefe. Tabon gira ɗaya ne.

Munzali ya ce mutum yana da kama bakwai a duniya. Amma shi da kansa ya sake maimaita wurin.

Juma'a, 6 ga Oktoba

Ko ruwan alwala na ɗiba sai in tuna wannan rigar. To wa muka binne?

Talata, 10 ga Oktoba

Na koma Nguru ni kaɗai. Na same shi bayan rumfunan masu banda yana tsoma hannu a kwanon tuwo. Na kira sunansa. Bai gudu ba. Cewa ya yi ya san ni, a talabijin ɗin mai shayi ya ji na sanar da mutuwarsa.

Ga abin da ya faɗa, gwargwadon yadda na riƙe. Wani mutumin Kumagannam, Hamma, magidanci, ya zo bakin ruwa da asuba neman aiki. Bai iya iyo ba. Jumare ya ɗauke shi jan taru, ya ara masa riga saboda tasa ta jiƙe. Ba wanda ya ga tafiyarsu. Ruwa ya cika bana, igiyar ruwa ta kifar da su. Hamma ya shaƙe wuyansa, suna nutsewa tare.

"Da ƙafa na ture shi, Malama," ya ce. "Na ji lokacin da yatsunsa suka saki."

Ya fita a wani ƙauye can ƙasa, ya kasa komawa gida. Da ya ji an yi masa sallah, sai ya ga kamar hukuncin da ya dace ke nan. Ya ce Hamma ya ba shi labarin uwarsa, Haula, mai sayar da daddawa. Bai roƙe ni in rufa masa asiri ba. Da ma ya roƙa.

Laraba, 11 ga Oktoba

Labarin da zai kai ni babban ofis ke nan. Na rubuta kanunsa sau uku, na goge.

Alhamis, 12 ga Oktoba

Na je wurin Meram, don bai halatta mace ta ci gaba da takabar mai rai ba. Ina ta kewaye-kewaye, ta katse ni. Ta ce tun ranar ta sani. An buɗe mata ƙafafun gawar, ta ga ba faso, mijinta kuwa duga-dugansa duk a tsage suke. Ta yi shiru ne don tana tsoron abin da ya sa ya ɓuya.

"Ƙanwata," ta ce, "kullum ina yi wa wancan bawan Allah addu'a, ban san sunan da zan kira ba."

Na faɗa mata sunan. Ta maimaita shi a hankali, sannan kukan ya zo.

Lahadi, 15 ga Oktoba

Munzali ya kira, wai yaushe za mu fita da labarin. Na ce ina da biki a Kano. Ƙarya na yi.

Muna tasha yanzu, motar Kumagannam saura mutum biyu. Jumare na kujerar baya, Meram ce ta sa aka ɗauko shi. Gyaran labarin da na yi kuskure dole ne, zan yi, amma sai uwar Hamma ta fara ji daga bakin mutum. Ban san me zan ce mata ba. Shekara tara ina magana a gaban jama'a, yau sallama kawai na tanada.