Ɗan Birin Jirgin Iquitos

Zuwa gare ka Fermín, sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan da ke gangarowa daga dutse mai ƙanƙara, kai da ko sunanka na ambata sai bakina ya yi zaƙi!

Ina rubuto maka ne daga saman jirgin ruwan dakon kaya da ya taso daga Yurimaguas zai je Iquitos. Rana ta karkata, ina zaune a kan jakar goyona. Yau kwana arba'in da ɗaya ke nan da na bar ka a tashar motar Arequipa. Ka tuna? Ka taho a guje daga gidan burodinka, da garin fulawa har a gira, ka durƙusa a gaban jama'a kana gyara mini igiyar jaka. Mako guda kafin nan ka ce in aure ka, ni kuma na ce ka bari in ga duniya ni kaɗai tukuna. Ko fuska ba ka ɓata ba. Cewa kawai ka yi, “Je ki, Nélida, amma ki riƙa cin abinci.” Kai wane irin mutum ne? Wace ƙasa ce ta tsiro da zuciya irin taka, mai laushi kamar cikin burodi mai zafi?

To, ga duniyar na gani yau, kuma ƙyama ta cika ni har wuya.

Tun da safe na hau jirgin. Aladu a ƙasa suna ihu, buhunan albasa sun fara ruɓewa, kowa ya ɗaura ragarsa ta kwanciya, mu fiye da ɗari a jere kamar an shanya kifi. Banɗaki ya cika ya tumbatsa yana bin ƙafafun mutane. Da idona na ga mai dafa abinci ya jefa bokiti a kogi, daidai gefen da ƙazantar ke zuba, ya ɗebo ruwan shinkafarmu. Duk wannan na jure, masoyina. Ba shi ne ya tayar mini da zuciya ba.

Ina neman wurin ɗaura ragata sai wani ya kira ni. Gastón sunansa, ɗan Argentina, gashi har gadon baya, jita a kafaɗa, yana sayar da awarwaron zare. Tare da shi akwai Maite, 'yar Chile, wadda kyamara ba ta barin wuyanta. Shekararsu uku a kan hanya.

“'Yar'uwa, ke kaɗai?” in ji Gastón. “Zo ki ɗaura a nan, yau mu ne danginki!”

Na ji daɗi, ba zan ɓoye maka ba. Kwana arba'in ina cin abinci ina kallon bango, ga shi yau irin mutanen da nake gani a hoto ina sha'awa sun kira ni 'yar'uwa. Suka tambaye ni ko akwai mai jirana a gida, na ba su labarinka. Gastón ya kwashe da dariya har ragarsa na lilo.

“Mai burodi? Haba! Wato ki ga wannan kogin da idonki, sannan ki koma kina kankare tanda?”

Maite ta ce, “Ai irinsu kirki gare su kamar kujera. Ki tashi ki zaga duniya, ki dawo ki tarar da ita inda kika bar ta.”

Fermín, hasken safiyata, ga abin da na yi. Na yi dariya. Ban tsaya nan ba: na ƙanƙance ido kamar yadda kake yi, na kwaikwayi muryarka, na ce, “Ki riƙa cin abinci!” Suka faɗi suna tafi, na sake yi musu har sau biyu. Maganar da ka ba ni guzuri ita na jefa wa baƙi su yi wasa da ita, don kawai su ce na waye. Tir da wannan harshe nawa!

Da rana ta take, jirgi ya tsaya a wani ƙauye. Mata suka hawo da gasasshen kifi da agada, wani mutum kuma ya hawo da buhu yana motsi. Ɗan biri ne a ciki, bai fi tafin hannunka ba, idanunsa kamar 'ya'yan kanya. Gastón ya saye shi nan take, ya ɗaura masa zare a ƙugu.

Kusa da ragata akwai wata tsohuwa, Doña Otilia, za ta kai wa 'yarta kaji a garin Nauta. Ta ɗago ta ce wa Gastón, “Ɗana, ka san yadda ake samun wannan? Sai an harbe uwar, ta faɗo daga bishiya yana manne a bayanta.”

“Iya, ai cetonsa na yi,” in ji Gastón. “Ba don ni ba da yanzu yana cikin tukunya.”

Aka shiga ɗaukar hoto. Biri a kan jita, biri a cikin hula, biri a kafaɗata. Da aka ɗora mini shi sai ya cusa 'yan yatsunsa cikin gashina ya ƙanƙame, jikinsa na ɓari, yana laluben abin da ba ni da shi. Na ji bugun zuciyarsa a wuyana. Maite ta ce, “Yi murmushi, kyakkyawa!” Na kuwa yi.

Daga nan Gastón ya zuba giya a murfin kwalba ya ɗura masa, ya ƙara, ya ƙara. Ɗan birin ya riƙa tangaɗi yana faɗuwa, su suna shewa. Can sai ya yi amai, ya sako zawo a rigar Gastón. Mutumin da ya wuni yana yi mana wa'azin ƙaunar daji ya zabura yana zagi, ya fizge shi ya yi jifa da shi. Kansa ya bugi ƙarfen da ake ɗaura raga. Wannan ƙarar, Fermín! 'Yar ƙarama ce, kamar an fasa ƙwai, amma har yanzu tana kunnena.

“Kash,” in ji Maite tana duba kyamara, “ga haske ya yi kyau, shi kuma ya ɓata kansa.”

Gastón ya tafi wanke riga yana cewa duk mai so ya ɗauka.

Doña Otilia ce ta sauko da ƙyar, ta naɗe shi a mayafinta. Na samo madarar gwangwani, tana ɗiga masa da yatsa ina riƙe da kansa. Bai haɗiye ba. Kafin a yi awa guda ya saki gashin mayafin da ya riƙe, shi ke nan. Na fashe da kuka. Tsohuwar ta dube ni sama da ƙasa.

“Kuka kike? Ɗazu ai haƙoranki duk a waje suke.” Ta gyara naɗin, ta ci gaba. “Na ji abin da kika yi wa mai burodin ma, 'yata. Mijina ya shekara talatin yana tambayata ko na ci abinci, har haushi yake ba ni. Tun da aka binne shi ba wanda ya sake tambaya.”

Da jirgi ya sake tsayawa muka sauka ni da ita, muka tona rami da cokali a gindin ayaba. Ina hawowa Gastón ya tare ni da jiƙaƙƙiyar rigarsa, yana miƙo mini awarwaro. “Kada ki ɗau abin da zafi, 'yar'uwa, haka hanya take.” Warin giya da zufa ya buge ni, na ruga bakin jirgi na amayar da duk abin da ke cikina. Na kwance ragata na koma can kusa da kajin Doña Otilia. Kashin kaji ya fi mini ƙamshi.

Na roƙi Maite ta goge hotona, ta ce shi ne mafi kyau a cikinsu, da mun isa Iquitos za ta watsa wa duniya. Don haka wataƙila ka gan ni ina murmushi da shi a kafaɗa. Idan ka gani, ka sani wannan fuskar ita na fi ƙyama a duk abin da ke cikin jirgin nan, har da banɗakin.

Ya kai raɓar da ke sauka a kan busasshiyar gona, me ya sa na faɗa maka? Da na yi shiru, wa zai kawo maka labari daga tsakiyar kogi? Amma yaya zan shigo gidanka mai tsabta da wannan a ɓoye cikin jaka? Yaya zan kalli idanun nan naka masu kama da tafki bayan ruwan sama, alhali na san na mayar da su abin dariya? Gara ka ji daga bakina ka ƙi ni, da ka so wata Nélida wadda babu ita.

Saura kwana biyu mu isa. Zan jefa wannan takarda a gidan waya, in ba ta mako guda ta riga ni, sannan in biyo ta. Kada ka zo tasha. Ni zan zo da ƙafata in tsaya a ƙofar gidan burodi, a gaban masu saye da maƙwabta da mahaifiyarka. Ina so in zama matarka, Fermín, ina so kamar yadda kogin nan ke son teku, ba ya juyawa. Sai dai wannan karon ni ce mai tambaya, kai ne mai amsa. Idan ka ce in jira, zan jira, ko shekara nawa ce, kuma ba zan ɓata fuska ba.

Taka ni kaɗai, ko ka buɗe ƙofar ko ka rufe, har ranar da numfashina zai ƙare,

Nélida