Ƙarfen da Laka Ta Ɓoye

Talata, bayan isha'i

Yau na kai tsohuwar a-kori-kurar Baba gareji a sauya kayan ƙafar gaba. Da makanike ya kankare busasshiyar lakar fadama, sai ga ƙarfen da ke riƙe da tayar dama ya tsage, an naɗe da waya. Na auna, saura faɗin yatsa biyu ya rabu.

"Ɗan boko, wa ka ɗauka a wannan?" in ji makaniken.

Shekaranjiya na dawo da Inna da mata tara daga suna a Auyo, ta bakin kogi, ina gudu.

Da na koma gida na tambaya, Baba ya ce shi ya ɗaure tun bara. "Ai ta riƙe. Gobe akwai ɗaukar shinkafa."

Ban taɓa yi masa musu ba, amma na ɓoye makullin motar.