Simintin da Ka Ce a Shafa wa Gidan Dutse

Zuwa ga Alhaji Injiniya, Shugaban Kwamitin Kula da Gidan Dutse na jama'armu mazauna Manchester da Birmingham.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga yayanta, da fatan Hajiya da yara suna lafiya. Sunana Rabi, matar Malam Nasiru mai ba da magani a kyamis a Levenshulme. Na san ka san ni, ka sha cin tuwona, na faɗa ne don masu karatu. Na buga wayarka har na gaji, na bi ta wajen Hajiya, shiru. Shi ya sa na fito fili, kuma Allah ya sani ba da son raina ba.

Ga waɗanda ba su san tushen maganar ba: lokacin da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, kansil ɗin wani ƙaramin gari da ke tsakanin biranen nan biyu ya sallami mai kula da tsohon gidan masu garin, ya nemi ƙungiyoyin da za su riƙe shi. Kai ka kawo mana labari, muka shiga da murna, don mun gaji da hayar ɗakin taro mai warin giya duk ranar Sallah.

Ranar da na fara ganin gidan sai da na tsaya a bakin ƙofa ina kallo. Jan dutse ne tun daga tushe har bututun hayaƙi, rufinsa ma faifan dutse. Kowace taga an raba ta da siraran ginshiƙai, su ma na dutse. Kafin ka shiga akwai zaure, zaure sosai, da dakali hagu da dama, da ƙofar katako mai manyan kusoshi. Babban ɗakin kuwa itatuwan rufinsa a jere suke kamar azara, murhunsa mutum na iya tsayawa a ciki. Matakalar bene ta lotsa a tsakiya saboda sawun mutanen da babu wanda ya san sunansu yanzu. A ɗakin nan aka yi sunan autata, a nan 'ya'yanmu suka koyi durƙusa wa manya. Ina son gidan nan, har yau ina son sa.

Yanzu ga abin da ya kawo ni.

Na farko: kai ka kira gayya. Bayan wata Sallah ka zagaya da maza bayan gidan, ka nuna musu bangon yamma inda kwaɓin da ke tsakanin duwatsu ya zube, ka ce a garinmu ba a barin bango haka damina ta same shi. Gaskiya ka faɗa, haka muka tashi muka gani, ana yaɓe kafin ruwa. Likitoci da akantoci suka naɗe hannun riga, ɗalibai suka zo daga Salford. Ni da matan Birmingham muka dafa shinkafa a manyan tukwane. Ka ɗora mijina a kan aikin saboda ka san ba ya cewa a'a.

Na biyu, kuma nan ne zuciyar maganar. Kafin a kwaɓa komai Malam Nasiru ya tambaye ka abu biyu, ina tsaye da faranti a hannu. Ya tambaya ko siminti ya dace da tsohon dutse, don ya tuna yadda aka shafe gidan kakansa na ƙasa da siminti, ya ɓaɓɓako ya tafi da rabin bangon. Ya kuma tambaya ko an samu izini, tunda gidan yana cikin gine-ginen tarihi da doka ta hana a taɓa haka kawai. Ka yi dariya, ka dafa kafaɗarsa, ka ce dutse ba ƙasa ba ne, izini kuwa ka gama magana da mutanen kansil, ya bar maka wannan. A mota na ce masa ya roƙe ka ka rubuta, ko da saƙon waya ne. Ya kalle ni kamar na zagi mahaifinsa. Wai ta yaya zai ce wa babba ya sa maganarsa a takarda, kamar yana zargin sa da ƙarya. Kunyarka ya ji, ranka ya daɗe.

Na uku: bangon ya lalace. Ashe masu ginin farko da farar ƙasa da yashi suka haɗa duwatsun, don danshi ya riƙa fita ta tsakaninsu. Simintinmu ya toshe hanyar. Ruwa ya zauna cikin dutsen, sanyin hunturu ya daskarar da shi, fuskar duwatsun ta fara ɓarewa tana zubowa. Zanen da ke saman tagar yamma, wanda ya fi kakannin kakanninmu tsufa, na tsinci guntunsa a ciyawa da hannuna. Na yi kuka a wurin.

Na huɗu: ranar da jami'an kansil suka kira mu. Kana zaune a kujerar gaba cikin babbar riga. Aka tambaya wa ya ba da umarnin aikin. Ka ce da Turancinka mai kyau kai shawara kawai ka bayar a share ganye daga indararo, sauran kuwa zumuɗin masu sa kai ne. Mijina yana bayanka. Ya sunkuyar da kai, har a lokacin yana jin nauyin ƙaryata ka a gaban baƙi. Sunansa ne a rasit ɗin siminti, don haka shi aka rubuta. Mutanen da suka ci shinkafata ranar gayya, kowa ya ga abin dubawa a wayarsa.

An rufe gidan, an kewaye shi da shingen ƙarfe. Wannan ya dame ni, amma ba shi ya hana ni barci ba. Kansil ya kai mijina kotu. Idan aka same shi da laifi, dole ya sanar da hukumar da ke ba masu aikinsa lasisi, kuma ita ce za ta ce ya ci gaba ko ya ajiye. Aikin nan shi ne cinmu da shanmu, da na mahaifiyarsa a Kano. Mutumin ya rame. Abin da ya fi ƙona min rai, har yanzu cewa yake Injiniya ba zai bari a kai ga haka ba, yana dai neman hanya ne. Ni na daina yarda. Ka ci amanarmu, kuma a fili nake faɗa.

Ban ce ka yi da mugun nufi ba. Mai gina gada da titi yana iya rashin sanin halin tsohon dutse, wannan ba abin kunya ba ne. Barin ƙaninka ya ɗauki kayanka shi ne abin kunya.

Roƙona biyu ne. Ka rubuta wa lauyanmu abin da ka faɗa a bayan gidan nan kamar yadda ka faɗe shi, ba ƙari ba ragi. Sannan ka zo kotu da ƙafarka ka maimaita. Sauran maza da suka ji maganar, ban kira sunan kowa ba, amma kun san kanku.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya raya maka zuri'a, ya ba ka ƙarfin zuciyar faɗin gaskiya tun tana da amfani. Ranar zaman kotu zan ajiye maka kujera a kusa da ni. Idan ba ka zo ba, ba zan bari kowa ya zauna a kai ba, kuma duk wanda ya shigo zai san ta wa ce.

Wassalam.

Ƙanwarka,
Rabi, Levenshulme