Baƙin Abu a Jinin Inna

Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidanki. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san da furfurata na koye shi.

Yau kwana shida Innarki na fama da zazzaɓi. Na ɗauko tsohon madubin likitan nan na duba ƙwayoyin cuta da asibiti suka bar mini ranar da na ajiye aiki, na kafa shi bakin taga, na karkata ɗan madubin ƙasa ya kamo rana. Na soki yatsarta, na shafa jinin a fallen gilashi, na rina, na ɗiga mai, yadda na ga ana yi shekara talatin da huɗu ina wanke musu gilasai. Auta, akwai wani baƙin abu kwance a gefe. Ba ƙwayar zazzaɓin sauro ba ce, ita na san ta kamar maƙwabciyata. Sau uku ina sakewa, yana nan.

Shekarar da ciwo ya kwashe mutum sha ɗaya a ɗakin majinyata na biyu a asibitinmu, har yau ina tune da gadon kowannensu, haka likita ya ɗago daga madubi ya ce bai san abin da yake gani ba. Zan aiko gilashin ki sa a babban injin lantarki na wurin aikinku.

Mahaifinki.

*

Baba,

Ina gaishe ka, ina yi wa Inna sannu. Don Allah a kai ta asibiti yau ɗin nan.

Kada ka aiko gilashin. Injinmu ba da haske yake gani ba, ƙwayoyin lantarki yake harbawa ta bututun da aka zuƙe wa iska, kuma sai an busar da abu an yanka shi siriri, bawon albasa ma ya yi masa kauri. Naka ba zai shiga ba.

Ka gwada wannan: juya gilashin sama da kake ɗora ido, in abin ya juya, datti ne. Ka sauya gilashin ƙasa zuwa ƙarami. Sannan ka matsar da fallen. In a jinin yake, tare za su tafi.

Allah ya ƙara girma.
Autarka.

*

Auta,

Mun gode da gaisuwa. Wato yau ni za ki koya wa goge gilashi? To, na dai yi.

Na juya na sama, bai juya ba. Na sauya na ƙasa, ƙwayoyin jini suka ƙanƙance, shi ko gezau. Na matsar da fallen, komai ya wuce ya bar shi. Sai na cire fallen gaba ɗaya, haske kawai. Yana nan, Auta. Kuma ya fi na makon jiya girma.

Na rufe madubin da zane, na fitar da shi daga ɗakinmu. An kai Innarki asibiti, yaran likitocin nan sun ce zazzaɓin sauro ne, har ta tashi tana yi mini faɗa. Ni ban yarda ba tukuna. Mene ne wannan da ba ya cikin jini, ba ya cikin gilashi?

Mahaifinki.

*

Baba,

Barka da sauƙin Inna. Da wane ido kake dubawa? Ka duba da ɗayan, ka rubuto mini nan take.

Autarka.

*

Auta,

Kwana biyu na yi ina kewaya zanen nan kafin na yaye shi. Tun da nake, da hagu nake dubawa. Na sa na dama. Tas.

Sai na fito tsakar gida, Innarki na zaune tana ninke wanki. Na rufe idon dama na dube ta. Rabin fuskarta babu.

Ki zo ki kai ni wurin likitan ido, ba zan yi gardama ba. Ban gaya mata ba. Ta ɗauka ido nake kashe mata, ta yi dariya ta ce tsoho ba ya jin kunya.

Ki gaida maigidanki.
Mahaifinki.