Ni Na Dangwala Yatsa a Madadin Mata Talatin da Biyu

Assalamu alaikum masu wannan shafi da masu karatu. Don girman Allah a sakaya sunana, kuma kada a yi saurin zagina, wanda nike yi wa kaina kullum ya ishe ni.

Ni malamar Islamiyyar matan aure ce a wani ƙauye tsakanin Isa da Sabon Birni. Shekara biyu da sunka wuce wata ƙungiya ta zo za ta haƙa muna rijiyar burtsatse, sunka ce ba su fara aiki sai an ji ta bakin mata, tunda mu ke ɗibar ruwan. Da yake ni ce mai ɗan karatun boko, anka sa ni cikin kwamiti, anka ba ni takarda da tawada in bi gida gida, kowace mace ta faɗi inda take son famfo, ta dangwala yatsa. Maza sun riga sun zaɓi ƙofar masallaci, inda dattawa ke zama gindin darbejiya tun hantsi har la'asar. Matan kuwa bakinsu ɗaya, bayan gari suke so. Kun san al'adarmu, mace ko sunan surukinta ba ta faɗi, in ta hango shi kauce hanya take yi, balle ta duƙa gabanshi tana buga famfo.

Wadda ta fi kowa fitowa fili ita ce Asabe, ƙawata tun muna 'yan mata kuma ɗalibata, wadda surukinta ne ladan. Na iske ta tana surfe, ta aje taɓarya ta ce, "Malama, in anka kai shi ƙofar masallaci, to ba ni anka yi wa ba. Gaban Baffa za ni tsaya ina lilo da ƙarfe?" Har dariya munka yi.

Ranar da za ni miƙa takardar, kawuna, shugaban kwamitin, ya tare ni a zaure. Ya ce tun yaushe mata ke warware shawarar dattawa, so nike baƙi su ce garin ba maza? Kada in yi mishi ƙarya, ko murya bai ɗaga ba, sabuwar takarda kawai ya miƙo mini. Na shiga ɗaki na rubuta ƙofar masallaci, na bi sunaye talatin da biyu ina dangwalawa da yatsuna, ina juya su don kada su yi kama. Ta gaskiyar kuwa murhu na cusa ta. Wa ya tilasta mini? Kunyar kawu ce kawai, da son a ce ni ɗiyar kirki ce.

Anka kafa famfo, maza na alwala, tsofaffi na ɗiba, matan aure sunka ci gaba da zuwa tsohuwar rijiyar da ruwan sama ke cin bakinta kowace damina. Bara, da hantsi, Asabe na jan guga bakin rijiyar ya rufta da ita, da cikinta na wata bakwai. Innalillahi. Ni anka kira in yi mata wanka, don ni ce malama. Da na kama babban yatsanta sai na sake shi na fita tsakar gida, matan sunka ɗauka zafin rashi ne. Tun ranan ban sake shan ruwan famfon nan da daɗi ba. In na ji ƙararshi muryarta nike ji, in ina biya wa ɗalibai karatu ba ni iya duban kusurwar da take zama. Wane istigfari ne ban yi ba?

Yanzu ƙungiyar ta dawo za ta haƙa rijiya ta biyu, amma sai matan gari sun taru da kansu ranar Alhamis mai zuwa, in ba su zo ba aikin ya koma wani ƙauye. Matanmu kuwa wata rijiyar suke ja yanzu, ita ma bakinta duk tsaga. To, Inna, mahaifiyar Asabe, ta bi gida gida tana cewa kada wadda ta je, an tambaye su sun faɗi an watsar, har rijiya ta ci ran ɗiyarta. Kuma sun ji maganarta. Jiya ta zo har gidanmu, ta riƙe hannuna ta ce, "Ke kin yi naki, ɗiyata, kin kai musu maganarmu sunka ƙi ji. Kada ki ƙara wahal da ƙafarki. Allah shi yi miki albarka." Ni kuma na ce amin.

Babu abin da zai fito da matan nan sai sun san baƙin ba su taɓa ganin abin da sunka faɗi ba, kuma daga bakina kaɗai za su sani. In na yi shiru, wata za ta bi Asabe. In na yi magana, Inna za ni fara duba ido da ido in gaya mata wa ta sa wa albarka. Jama'a, don Allah, mi za ni yi?