Ni Na Je Ofishin Lasisi

Da sunan Allah nake farawa. Ni ne mahaifinku, mai koyar da tuƙin babur a filin bayan gareji, kuma da hannuna nake rubuta wannan. Ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya ƙi su, likita ya daina kallona a ido, na san abin da hakan ke nufi. Amma hankalina yana nan daram. Wanda ke shakka ya tambayi mahaifiyarku, jiya ma na kama ta tana rage mini sukari a shayi. Da ku uku nake: Guguwa babbanku, sai Malama, sai Auta. Malama ce za ta karanta, don ita kaɗai ce ba ta tsallake layi in magana ta yi ɗaci.

Na ɗaya. Gida da abin da na bari a raba yadda Allah ya hukunta, ban sa baki a nan ba. A kan filin koyo da baburan cikinsa kuwa, roƙo nake yi: kada ku sayar. Auta ya riƙe koyarwa a fili. Guguwa ya riƙe rumfa, wato gyara da karɓar sababbin masu koyo da bayanin dokokin hanya. Guguwa, na san ranka ya ɓaci da jin haka, ɗana. Ka daure ka ji sauran.

Na biyu. Akwai masu koyo da na fara ban gama ba, haƙƙinsu yana wuyana. Telan nan mai tsoron birkin gaba, a bi shi a hankali, kada a yi masa tsawa. Ma'aikaciyar jinyar nan kuma tana kallon tayarta maimakon inda za ta, a gyara mata. Kada ku tura kowa jarrabawar lasisi don ya dame ku da naci. Wanda ya ce hular kwano tana sa shi gumi, ku nuna masa ƙofa. Kuma kada ku bar waiwaye. Kun san yadda nake yi: mai koyo yana zagaya tsofaffin tayoyi, ni ina tsaye bayansa, kafin ya karya kwana sai ya waiwaya ya faɗi yatsu nawa na ɗaga. Madubi ba ya nuna komai da komai, shi ya sa Allah ya yi wa wuya juyi.

Na uku, kuma saboda shi na ɗauki biro. Guguwa, idonka na hagu yana mutuwa. Kowa a gida ya gani, kowa ya yi gum saboda zafin ranka. Ana ajiye maka kofi a hagu sai ka ture shi. 'Yarka ta tsaya a gefenka tana miƙa maka ruwa har hannunta ya gaji, ba ka san tana nan ba. Ranar ƙarshe da aka kai ni fili a kujera, kana nuna wa masu koyo yadda ake karya kwana, na ɗaga yatsu daga hagu don in tsokane ka. Ka waiwaya kamar yadda na koya maka, ka kalle ni sosai, ba ka ga komai ba. Na sauke hannuna na ce rana ta dame ni a mayar da ni gida.

Lasisinka ya zo ƙarewa, na kuma ji kana neman wanda zai sabunta maka ba tare da gwajin ido ba. Sai na sa mahaifiyarku ta kira mai mota, muka ce asibiti za mu. Ofishin lasisi muka je. Na samu mai gwajin ido, wanda shi ma ni na koya wa babur, na ce in ya bari takardarka ta wuce ba a duba idon nan ba, ban yafe masa ba. Shi ya sa aka dawo maka da ita. Ni ne na yi, ba Auta ba.

Zuwan da na yi ban yi nadamarsa ba, ko yau zan sake. Kana goya masu koyo a kan kwalta, 'ya'yan mutane ne, kai kuma ɗana ne. Abin da ke cin raina shi ne abin da ya biyo baya. Ka shigo tsakar gida kana huci, ka kama wuyan rigar ƙaninka, ka ce shi ya kai ka ƙara don ya gaje filin. Ina kwance a ɗaki, ƙofa a buɗe, ina jin komai. Kalma ɗaya daga bakina ta isa. Na juya fuskata bango na yi kamar barci nake. Tsoro na ji, wallahi, tsoron kada in mutu kana fushi da ni. Na rayu ina yi wa matsorata tsiya a fili, ashe ni ne shugabansu.

Na huɗu. Auta, ka yafe mini. Na san ka gane ko wane ne ya je ofishin lasisi, don kai ka ɗora ni a motar kuma ka ga ba hanyar asibiti muka bi ba. Ka sha zagi ka haɗiye, kullum kana zuwa kana juya ni a gado ba ka taɓa ce mini uffan ba. Tun daga ranar matanku ba sa gaisawa, yaranku sun daina cin abinci kwano ɗaya, mahaifiyarku tana kuka a kicin tana cewa albasa ce. Ita ma ni na ɗaure mata baki, kada wanda ya ga laifinta. Duk wannan ɓarnar tawa ce, kuma ina jin kunyarta fiye da yadda nake jin ciwon nan.

Na biyar. Makullin babban babur yana hannun mahaifiyarku. Kada ta ba ka, Guguwa, sai likitan ido ya duba ka ya ce ka hau. In ya ce a'a, to a'a ce. Saukowa daga babur ba ya rage maka komai. Ba wanda ke jin ciwon inji da kunne kamarka, kuma masu koyo suna jin maganarka fiye da tawa. Malama, ke za ki tsaya a kan wannan, kin fi su taurin kai su biyun.

Allah ya yi muku albarka, ya tsare ku a hanya da gida, ya ba ku 'ya'yan da za su fi ku faɗin gaskiya a kan lokaci, kamar yadda nake fatan kun fi ni. Ku riƙe mahaifiyarku, ku riƙe juna, kada ku bari gidan nan ya zama biyu.

Guguwa, in ka ga dama ka yi fushi da ni, na cancanta, ba zan ce ka fasa ba. Amma da zarar an gama zaman makokina, ka sa hular kwano, ka je ƙofar Auta da ƙafarka ka kira shi. Shi zai goya ka zuwa asibitin ido. Ka yi fushin naka a bayansa, kana riƙe da shi.