Jirgin Shata na Mahmuda

Ikeja, Legas
8 ga Yuni, 1987

Zuwa ga Yayata Sailuba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Malam Baballe da yara. Yaya ƙafar Inna? Ki gaishe ta da kyau. In kin leƙa gidan su Batulu ki ɗaukar mini 'yata Ummi ki ji ko ta ƙara nauyi, don rabona da ita tun ranar suna.

Yaya, shawara nake nema, amma ki riƙe ta a cikinki tukuna. Kamfaninmu ya zaɓe ni zuwa kwas a Turai, in koyi tuƙa babban jirgi. In na dawo na bar wannan mai farfela da nake zaga Benin da Inugu da Kalaba da shi. Abin da kowane matuƙi yake jira ke nan.

To ana cikin haka sai ga Ushahemba. Kin tuna shi, dogon Tibin nan da muka yi makarantar jirgi tare a Zariya, wanda ya cinye miki sakwara malmala uku. Yanzu shi ne injiniyan wani ƙaramin kamfani a Jos. Jiragensu ƙanana ne, shata ake ɗaukarsu: yau likitoci, gobe masu awon ƙasa, jibi wani ɗan kasuwa mai sauri. Suna neman babban matuƙi, ya ce ni ya ambata musu.

Wanda ya bar babban kamfani ba a sake buɗe masa ƙofa, ƙaramin kuwa yana iya mutuwa a shekara guda. Na san wannan. Amma tun da ya zo zancen ya ƙi barin raina.

Ban faɗa wa Batulu ba. Ranar da aka ƙara mini igiya ta huɗu a kafaɗa rawa ta yi a tsakar falo. Da wane baki zan ce mata ina tunanin komawa ƙaramin jirgi?

Ku huta lafiya.
Ƙaninki,
Mahmuda

*

Lafiya
19 ga Yuni, 1987

Mahmuda,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya ƙalau, ruwa ya sauka sosai, doya ta yi ganye har gwanin sha'awa. Inna tana amsawa, ƙafa da sauƙi, har garin Shabu ta je biki ba ta gaya wa kowa ba.

Na karanta takardarka sau biyu, na biyun da tabarau, ko idona ne ya ruɗe ni. Wato kana nufin ka ajiye bas ka koma tuƙa tasi, abi? Ana tura ka Turai kana cewa Jos! Jos ɗin da ni ma nake zuwa saro dankali?

Ka san a kasuwar nan ba mai kirana Sailuba. Yayar Kyaftin ake cewa. Talatu mai agushi in ta ji ƙarar jirgi sai ta ɗaga kai ta ce, "Ga ƙaninki can, Allah ya sauke shi lafiya," ko da jirgin soja ne daga Makurɗi. Yanzu me zan ce mata? Ni dai ban yarda ba, in shawarata kake nema ka ji ta.

Sai magana ta biyu, wadda ta fi damuna. Ummi ta yi ɓulɓul, kumatu kamar naka sak. Amma uwarta ban gane mata ba. Ta gama wanka tuntuni, ko sau ɗaya ban ji ta ambaci komawa Legas ba. In na shiga sai in tarar ta zuba wa bango ido, yarinya na wasa da zanenta ba ta ma sani ba. Na ce, "Batulu, lafiya?" Ta ce, "Lafiya lau, Yaya." Irin lafiya lau ɗin da ba a gaskatawa.

Faɗa mini gaskiya, me ka yi mata? In ka ɓata mata rai ne, Legas ɗin ba ta fi ƙarfina ba, mota ɗaya ce.

Malam yana gaishe ka, ya ce ka yi istihara.

Yayarka,
Sailuba

*

Jos
3 ga Yuli, 1987

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Wallahi ban yi wa Batulu komai ba. Ni ma na lura wasiƙunta sun gajarce, na ɗauka hidimar jego ce.

Kin ga daga inda nake rubutowa. Ɗan hutu na ɗauka na zo in ga aikin da idona, suka ce in raka matuƙinsu kai likitocin ido tsaunin Mambila. Ranar farko gajimare ya rufe duwatsun ruf, babu wata na'ura a ƙasa da za ta nuna maka hanya, dole muka juyo. Washegari gari ya waye tas, suka bar mini tuƙin.

Yaya, filin saukar ciyawa ce kawai a kan tudu, kuma da muka iso shanu ne cike da shi! Sai da na yi ta kewayawa, mutane na gudu a ƙasa suna kora da sanduna, wani bijimi ya kafe ya ƙi motsi. Likitocin na salati, ni kuwa dariya ta hana ni magana.

A dawowa muka ɗauko wata tsohuwa Bafulatana da za a yi wa aikin ido a Jos. Ta ce ita ba za ta zauna a baya ba, sai kusa da mai jan abin. Muka tashi tana riƙe da hannun rigata. Can ta ce, "Yaro, mun tashi ne?" Na ce, "Tuni, Nene, muna bisa gajimare." Sai ta ce, "To a dawowa kai za ka mai da ni, in ga abin da idona."

A Legas ina kwasar mutane cike da jirgi kullum, ban san fuskar ko ɗaya ba. Rabon da in sauka daga jirgi ina jin daɗi haka tun ina ɗalibi.

Amma abin da kika faɗa game da Batulu ya sanyaya mini jiki. In tana cikin damuwa ba zan ƙara mata wata ba. Kamfaninmu na Legas na jiran amsata ƙarshen wata, kuma ina jin Turai zan ce. Don Allah ki lallaɓa ki gano mini abin da ke damunta.

A gaida Inna da kowa.
Mahmuda

*

Lafiya
12 ga Yuli, 1987

Mahmuda,

Gaisuwa a taƙaice yau, labari ya fi ta.

Jiya na rufe rumfa da wuri na tafi gidansu. Na karɓi Ummi na goya, na ja ƙofa na zauna a bakinta. Na ce, "Yau ba mai fita sai kin gaya mini." Ta yi ta kewaye-kewaye, daga baya ta sa kuka.

Ka tuna ta nemi shiga jami'a bara, ta Legas ba ta ɗauke ta ba, kuka ce sai wata shekara? Ashe ta sa Jos a zaɓi na biyu, kuma sun ba ta gurbi, karatun haɗa magunguna, za a fara watan goma. Tun tana wanka ta sani. Ta ce, "Yaya, ya sha wahala kafin ya kai inda yake. In na faɗa masa zai raba hankalinsa biyu. Gara in haƙura, kar ma ya ji. Ki yi mini alkawari."

Na ce, "Jos kika ce?"

Ta ce, "Jos."

Sai dariya ta kama ni, har Ummi ta farka a bayana. Batulu ta tsaya tana kallona kamar na taɓu. Na ce, "Ke, mijinki yana Jos ɗin yanzu haka yana korar shanu da jirgi, yana tsoron gaya miki!" Na kwashe komai na faɗa mata. Da farko ba ta yarda ba. Da ta yarda kuma, ta rufe fuska da mayafi, ban san kuka take ko dariya ba, ita ma ina jin ba ta sani ba. Mamanta ta yi ta buga ƙofa tana tambaya ko wani abu ne ya sami yarinya.

Don haka na tona naka, na tona nata, duk a yini ɗaya, kuma ko a jikina. Ku biyun nan kun ishe ni, kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa abin da zai faranta masa rai.

Maganar bas da tasi na janye rabi. Sauran rabin sai na ga yadda ta kaya.

Yayarka,
Sailuba

*

Lafiya
13 ga Yuli, 1987

Kyaftin,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar girmamawa da kewa. Ina fatan kana cin abinci a kan lokaci, ba burodi da shayi kawai ba. Ummi ta fara juyawa da kanta, jiya saura kaɗan ta faɗo daga gado.

Yaya ta riga ni, don haka ba sai na maimaita ba. Ka yafe mini ɓoyewar da na yi. Ni ma na yafe maka taka.

Akwai abin da nake so in gyara. Rawar da na yi a falo ba don igiya na yi ta ba. Fuskarka na gani lokacin da ka shigo. Daga baya kuma na riƙa ganin wata fuskar, ta mutumin da ke dawowa ya cire takalmi ya ce, "Kamar jiya," in na tambaye shi aiki. Na yi zaton gajiya ce.

Amma ka saurare ni da kyau. Ba na son ka bar kwas ɗin nan saboda ni. In babban jirgin kake so, ka tafi da zuciya ɗaya. Gwaggona tana Jos, zan iya zama wurinta da Ummi in yi karatuna, mu riƙa haɗuwa lokacin hutu. Zai yi wuya, amma ba zai kashe mu ba. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne wata rana jirgin nan ya wuce ta samanmu ka bi shi da kallo, in san ni ce sanadi. Ka cire ni daga lissafin, ka tambayi kanka wanne kake so, sannan ka gaya mini.

In kuwa Jos ɗin ce, ina da sharaɗi ɗaya. Yaya ta karanta mini zancen gajimaren da ya rufe duwatsu. Duk ranar da ka ga haka za ka juyo, ko wane ne a cikin jirgin, ko me ya biya, ko me zai ce. Wannan nake so ka rubuto mini da hannunka.

Mama da Baba suna gaishe ka. Allah ya zaɓa mana mafi alheri.

Matarka,
Batulu

*

Ikeja, Legas
27 ga Yuli, 1987

Batulu,

Wa alaikumus salam. Na gode, Allah ya yi miki albarka, ya raya mana Ummi.

Na yi yadda kika ce. Na je har inda ake ajiye babban jirgin, na hau, na zauna a kujerar matuƙi ni kaɗai. Jirgi ne mai kyau ƙwarai, ba zan ɓoye miki ba, sai da zuciyata ta motsa. Na daɗe a zaune ina jiran in ji ba zan iya rabuwa da shi ba. Ban ji ba. Tunanina yana kan wani filin sauka da aka ce akwai a bayan Takum, wai gajere ne kuma a karkace, ina ta lissafin ta wane gefe zan shigo masa.

Yau da safe na miƙa takardar barin aiki. Manajanmu ya cire tabarau ya ce, "Ka san abin da kake yi kuwa?" Na ce, "Ranka ya daɗe, tsoro dai ina ji, amma na sani." Ya girgiza kai, ya miƙo mini hannu.

Ga alkawarinki da hannuna: in na ga gajimare ya rufe hanya zan juyo, ko wane ne a bayana.

Doofan matar Ushahemba ta samo mana gida kusa da jami'a, da bishiyar fiya a tsakar gida. Ta ce ki tanadi rigunan sanyi, na Ummi har da hula da safa. Zan zo Lafiya tsakiyar watan gobe in yi wa Inna bayani da bakina, in kuma ga wannan juyin na Ummi da ake ba ni labari. Ki ce wa Yaya ta daka sakwarar sabuwar doya, da Ushahemba zan zo.

Mijinki,
Mahmuda

*

Lafiya
23 ga Oktoba, 1987

Mahmuda,

Gaisuwa gare ka da ɗalibarmu da Ummi.

Saƙonka ya iso ta hannun direban motar dankali, cewa za ka bi ta kanmu da hantsi a hanyarka ta Makurɗi. Na gaya wa mutum biyu kacal. Kafin hantsi rabin kasuwa na tsaye a rana, masu doya sun bar doya, mahauta da wuƙaƙensu a hannu. Da ka kewayo ka karkata fiffike, ihun da aka yi har a tasha an ji. Talatu ta yi ta tsalle, tiren agushinta ya kife, har yanzu muna tsincewa.

Inna kuwa tun safe ta sa aka fitar mata da kujera ƙofar gida, ta ci ado kamar mai zuwa suna. Ta cire mayafi ta yi ta kaɗa maka har ka ɓace. Na ce, "Inna, kin ga ɗanki?" Ta share ido ta ce ta gani.

Amma ta ba ni saƙo, ta ce in rubuta shi yadda ta faɗa. Wai ita ba ta yi maka tarbiyyar ka zo har ƙofar gida ka wuce ba ka shigo ba. In ka sake biyowa, ka nemi wuri ka sauka ka ci abinci.

Yayarka,
Sailuba